Kiwon Awaki A Mubi: Riba Na Ga Mai Tanadin Harawa

MUBI, Jihar Adamawa: Sunan Mubi ya yi nisa saboda kasuwar shanunta, inda dabbobi ke shigowa daga Kamaru da Cadi a yi lodinsu zuwa Kudu. Amma a cikin gidaje, akuya ce ke biyan kuɗin makaranta da na magani, kuma galibi mata ne masu ita. Cikinta wata 5 ne, takan kuma haifi biyu, don haka jarinta na saurin juyawa. Abin da ke cinye ribar shi ne abincin rani.

Akuya mai nauyin kilo 25 na bukatar kusan kilo 1 na busasshen abinci a kullum. Da kaka, a Oktoba da Nuwamba, harawar wake da ta gyaɗa na araha. Daga Maris zuwa Mayu kuwa sai su yi tsada, ga kuɗin dako da ya tashi tun janye tallafin man fetur a 2023.

A wannan matsi ne mai kiwo kan koma ga abin da ya sawwaƙa, asara ta biyo baya. Dusa ko harawar da ta yi fumfuna na iya ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, har ta fita a cikin nono. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci da gyauron dawa na da gubar da ke kisa nan take. Akuyar da aka saki ta yi kiwo a bola takan haɗiyi leda, ta cushe mata tumbi, ta yi ta ramewa. Wadda ta faɗa wa buhun masara kuma cikinta kan kumbura.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar a shanya ɓawon rogo ya bushe sarai, a riƙa sauya abinci sannu a hankali cikin mako guda, a ƙara wa mai ciki dusa a makonni 6 na ƙarshe, tare da gishiri ko kanwa da ruwa mai tsabta. ’Ya’yan gawo da ke zuba da rani suna gina jiki, kuma kyauta ne.

Lissafin a bayyane yake: wanda ya sayi harawa da kaka, ya ɗaga ta bisa rumfa nesa da laima, shi zai kai ƙosasshiyar dabba kasuwa. Wanda ya jira bazara zai tabbatar cewa araha ba ta ado.