Ciwon Da Jiki Ke Yi Wa Kansa Yaƙi

Malamai da akawuna, a cikin jinin kowane mutum akwai dakaru waɗanda aikinsu korar ƙwayoyin cuta. Amma wani lokaci sukan ruɗe su auka wa mai gidansu. In suka taɓa jijiyar gani sai ido ya dushe, in lakar gadon baya ce sai ƙafafu su shanye, in kuwa ƙwaƙwalwa ce sai hankali ya gushe.

A 1894 wani likitan Faransa, Eugène Devic, ya ba da labarin wata mace wadda makanta da shanyewar ƙafafu suka same ta tare. Sai a 2004 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka gano alamar wannan ciwo a cikin jini. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba. A 2007 kuma Likita Josep Dalmau, a Filadalfiya, ya bayyana wani kumburin ƙwaƙwalwa na irin wannan yaƙi, mai kawo rashin barci, da sambatu, da farfaɗiya. A 2014 aka nuna mutum guda yana iya samun duka biyu, ko a tare, ko kuwa ɗaya ya biyo ɗaya bayan watanni ko shekaru.

To, nan ne abin ya shafe mu masu riƙon 'ya'yan mutane. Yarinya ta ce idonta yana ciwo in ta juya shi, allo ya yi mata hazo cikin 'yan kwanaki, jan launi ya koɗe. Ta sami sauƙi, kowa ya manta. Baɗi sai halinta ya sake, ta daina magana ko ta riƙa firgita, a ce iskoki ne, ko a ce iya shege ne a ɗauko bulala. Mu a ganinmu malamin da ya rubuta ciwon idon nan a littafinsa, da kwanan wata, ya fi kowa taimakon likita, gama likitan ƙwaƙwalwa ba zai san abin da ya faru bara ba sai an gaya masa. Shaƙuwa ko amai da suka ƙi tsayawa kwana da kwanaki su ma a faɗa.

Akwai magani: allurar kashe kumburi ta jijiya kwana 3 zuwa 5, in ba ta yi ba a tace ruwan jini da na'ura. Jinkiri shi ke cinye gani, don haka a kai babban asibiti tun ranar farko. Ciwon ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka in ta warke ta koma ajinta.