Daidaita Jerin Haruffan Gado a Kan Ma'auni Guda

Masana ilimin halitta suna rubuta sinadarin gado na DNA da haruffa huɗu ne kawai, wato A, C, G da T. In suna son gane inda wata ƙwayar cuta ta canza, sai su jera haruffanta ƙarƙashin na 'yar'uwarta, harafi bisa harafi, su bar gurbi a duk inda ɗaya ta rasa abin da ɗayar ke da shi.

Tun shekarar 1970 Needleman da Wunsch suka fito da hanyar lissafi ta daidaita jeri biyu. Amma da zarar jerin sun yi yawa, neman daidaito mafi kyau a tsakaninsu gaba ɗaya yakan gagari kwamfuta. Saboda haka aka koma ga dabarar zaɓen jeri guda ya zama cibiya, a gwada sauran da shi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk gurbin da aka buɗe a cibiyar a bar shi ga dukkansu. A shekarar 1993 Dan Gusfield ya nuna cewa in cibiyar ita ce jerin da ya fi kusa da sauran, jimlar saɓanin ba za ta kai ninki biyu na mafi kyawun sakamako ba. A manhajar ƙididdiga ta R, kayan aikin Bioconductor suna yin wannan gwaji na bibbiyu.

Amfanin dabarar ya fito sarari a shekarar 2020, lokacin da aka riƙa auna samfuran ƙwayar korona da jerin birnin Wuhan mai haruffa 29,903, har kowane canji ya sami lambar wurinsa.

Sai dai akwai abin lura. Don kada lambobin su rikice, sau da yawa akan zubar da haruffan da cibiya ba ta da su. Wani bincike da aka buga a 2019 kan mutum 910 'yan asalin Afirka ya gano haruffa kusan miliyan 300 da babu su a ma'aunin gadon ɗan Adam na lokacin. Don haka wajibi ne mai nazari ya tambayi daga ina aka samo cibiyar kafin ya amince da sakamakon.