Auna Muhimmancin Mahaɗa a Saƙa Mai Kibiyoyi

Masana lissafi kan zana dangantakar abubuwa da ɗigo da layi. Ɗigon shi ne mahaɗa, layin kuwa alaƙar da ke tsakanin mahaɗai biyu. Idan alaƙar ta fuskanci gefe guda, kamar ruwan famfo da ke gangarowa daga tanki zuwa unguwa ba ya komawa, sai a zana ta da kibiya. Tambayar ita ce, wace mahaɗa ce ta fi muhimmanci?

Alal misali, a ɗauki tankuna uku da unguwanni biyar. Tanki A da tanki B duk suna shayar da unguwanni uku iri ɗaya. Tanki C kuwa biyu yake shayarwa, amma shi kaɗai suka dogara da shi. In an ƙirga kibiyoyi kawai, A da B na da uku-uku, C na ƙarshe da biyu.

A shekarar 1953 Lloyd Shapley, masanin lissafi ɗan Amurka wanda ya sami lambar Nobel a 2012, ya fito da hanyar raba amfanin haɗin gwiwa bisa adalci. Ana duba kowane jeri da mahalarta za su iya shigowa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da kowa ya ƙara wa waɗanda suka riga shi, sannan a ɗauki matsakaici.

Tankuna uku na da jeri 6. A cikin 3 daga ciki A ne ke riga B, sai ya ƙara unguwa uku. A sauran 3 ya tarar B ya riga ya shayar da su, bai ƙara kome ba. Matsakaicinsa 1.5 ke nan, haka ma B. Amma C, ko yaushe ya shigo, biyu yake ƙarawa. Jimla 5, daidai da yawan unguwannin, kuma C ya koma kan gaba.

Wannan ma'auni shi ne René van den Brink da Robert Gilles suka bayyana a 2000 da sunan ma'aunin beta: kowace mahaɗa na raba maki guda daidai-wa-daida tsakanin masu kibiya zuwa gare ta. Saboda haka injiniyan da kuɗin gyaransa bai wuce na tanki ɗaya ba, C ya kamata ya fara dubawa, domin ranar da ya lalace unguwa biyu za su kwana ba ruwa.