Gajiya da Ƙarfin Jiki: Batun Motsa Jiki a Ƙasar Kanambakashe

Ƙasar Kanambakashe, wadda ke cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, dab da ƙasar Tasawa, yanki ne na jigawa da kwarin Gulbin Kaba ya ratsa, kuma mafi yawan mutanenta manoman gero ne da dawa da wake da gyaɗa, masu haɗa noma da kiwo. A wuri irin wannan, inda ake cin abinci da gumin goshi, maganar motsa jiki takan zo wa mutane tamkar zancen 'yan birni waɗanda suka ƙoshi suka rasa abin yi, domin manomin da ya wuni yana kaftu a gona ba ya ganin dalilin da zai sa a ce masa ya fita gudu, haka ma macen da ta yi surfe da daka ta kuma ɗebo ruwa tun kafin hantsi. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ba ta rufe batun ba, saboda binciken kiwon lafiya ya nuna cewa gajiya daban take da ƙarfin jiki, kuma yadda aiki ya rarrabu a cikin shekara, da yadda ya rarrabu tsakanin maza da mata, shi ne ke nuna wanda ke buƙatar ƙarin motsi da wanda ke buƙatar hutu.

Abin da masana ke nufi da motsa jiki shi ne duk wani aiki da tsoka ke yi wanda ke sa jiki ya ƙona kuzari fiye da yadda yake ƙonawa a zaune. Zuciya ita kanta tsoka ce, kuma idan ana sa ta aiki a kai a kai gwargwadon ƙarfinta, takan ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, har ta riƙa biyan buƙatar jiki da bugu kaɗan. Shi ya sa zuciyar baligi mai lafiya ke bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, alhali ta wanda ya saba da atisaye takan sauka ƙasa da haka ba tare da wata cuta ba. Hanyoyin jini su ma sukan ƙara laushi, abin da ke taimakawa wajen sauko da hawan jini. Akwai kuma batun sukari: abincin da aka ci yakan narke ya shiga jini a matsayin sukari, kuma jiki yana da wani sinadari da ake kira insulin wanda ke buɗe wa sukarin hanyar shiga tsoka, to idan tsoka tana aiki takan zuƙi sukarin kai tsaye, ta kuma ƙara jin umarnin insulin har tsawon kwana ɗaya ko biyu bayan an gama. Gajeren wa'adin nan shi ne dalilin da ya sa ba a tara amfanin motsa jiki a ajiye kamar yadda ake tara damma a rumbu. Wanda ya daina motsi, cikin 'yan makonni ƙarfin numfashinsa zai soma raguwa, komai wahalar da ya sha a baya.

Ilimin nan bai daɗe da tabbata ba. A shekarar 1953 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan, inda ya gano cewa masu karɓar kuɗin mota, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke wuni a zaune, duk da cewa mota ɗaya suke aiki a ciki. Daga wannan bincike da ire-irensa aka gina shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020, wadda ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, yara kuwa kimanin minti 60 kowace rana. Matsakaicin motsi shi ne wanda mutum zai iya magana yana cikin yinsa amma ba zai iya rera waƙa ba, irin tafiyar mai sauri zuwa kasuwa. Mai tsanani kuwa shi ne wanda numfashi ke katse zance bayan kalma biyu ko uku. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba su kai wannan mizani ba.

Idan aka auna manomin Kanambakashe da wannan ma'auni a watannin damina, za a ga ya wuce shi nesa ba kusa ba. Daga saukar ruwan shuka, wanda galibi ke zuwa a watan Yuni, har zuwa kaka, yakan sari rami da sungumi, ya yi noman fari, ya yi maimai, ya girbe, ya ɗaure, ya yi jigilar damma zuwa gida, kuma mafi tsananin wannan aiki yana faɗawa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wato lokacin da abinci ya fi ƙaranci a gida. A nan ne wani bincike na baya-bayan nan yake da amfani, domin masana a ƙasar Danmak, cikinsu har da Andreas Holtermann, sun nuna cewa aikin ƙarfi na neman abinci ba ya ba zuciya irin ribar da atisayen da mutum ya zaɓa da kansa ke ba ta. Dalilan da suka kawo suna da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa riƙe hauya: aikin yakan ɗauki sa'o'i masu yawa ba tare da isasshen hutu ba, yakan riƙe jiki a yanayi ɗaya kamar sunkuyo, ɗaukar kaya mai nauyi yana ɗaga hawan jini na tsawon lokaci, kuma gobe za a koma kafin jiki ya warware. Tsoka tana ginuwa ne a lokacin hutu da abinci bayan aiki, don haka wanda ya yi aiki da yunwa ya kwana da gajiya ya tashi ya koma, jikinsa cinyewa yake yi. Abin da manomi ke buƙata a damina shi ne ruwa mai yawa, da fura a kan lokaci, da inuwa idan rana ta take, kuma abin takaici ne yadda wasu matasa ke maye gurbin waɗannan da ƙwayar tramadol, wadda ke toshe jin ciwo da gajiya har mutum ya wuce iyakar jikinsa bai sani ba, ga kuma jarabar da take sawa da farfaɗiyar da takan jawo idan an sha da yawa.

Da zarar an gama kaka kuwa, sai lamarin ya juya ga maza da yawa. Waɗanda ba su tafi cin rani ba, kuma ba su da sana'ar kaba ko kiwo ko fatauci, sukan shafe watanni shida ko bakwai suna wuni a fada, wato majalisar samari da ake kafawa a ƙofar gida ko gindin itace, inda butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi. Tafiyar da a da ake yi a ƙasa zuwa kasuwannin ƙauyuka yanzu babur ɗin kabu-kabu ya ɗauke ta, kuma akwai rukunin mutane da ke zaune rani da damina: mai shago, da tela, da malamin makaranta, da ma'aikacin ofis, da attajirin da ke ɗaukar 'yan ƙwadago su yi masa noma. Waɗannan su ne direbobin Morris na wannan yanki, kuma a cikinsu ne tumbi ke fitowa, wanda har yanzu jama'a ke ɗauka alamar wadata, alhali kitsen da ke taruwa a ciki shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini. Hawan jini, wanda ake tabbatar da shi idan awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka, yakan shekara da shekaru ba ya nuna alama, sai ranar da ya jawo shanyewar ɓarin jiki, a ce iska ce ta buge mutum.

Halin mata ya sha bamban da wannan, kuma duk shawarar da ba ta lura da bambancin ba za ta yi zalunci. Macen karkara ba ta da rani. Kafin gero ya zama fura sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an wanke, an daka, an tankaɗe, an cura, an dafa, an kirɓa, kuma kusan kowane mataki da taɓarya ake yinsa, ga jan guga a rijiyoyi masu zurfi, ga ɗaukar jarka da itace a ka, sau da yawa da goyo a baya ko ciki a gaba. Irin wannan mace ba ƙarin motsi take nema ba, sauƙi take nema, kuma injin niƙa da famfo da amalanke alheri ne gare ta wanda bai kamata wani ya yi kukan zuwansa da sunan kiwon lafiya ba. Sai dai matar da wadata ko zaman gari ya ɗauke mata waɗannan ayyuka gaba ɗaya, ta koma zaman ɗaki ba fita, ita ma ta shiga sahun masu shago, kuma tana da haƙƙin samun wuri mai sutura da za ta taka ƙafa, ko da tsakar gida ne.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya game duniya, wato zaton cewa gumi yana wanke duk abin da aka zuba wa ciki, kuma misalinsa mafi bayyana yana jihar Kentaki ta Amurka. A can ake yin wata barasa mai suna bourbon, wadda dokar ƙasar ta ce dole aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsinta ya zama masara, ana tsima ta, a tace ta da wuta, a adana ta a sababbin gangunan katako da aka babbaka cikinsu. Tun 1999 ƙungiyar masu wannan sana'a ta shata hanyar yawon buɗe ido da ke zagaya masana'antunsu, kuma har tseren gudu na karɓa-karɓa ake yi mai tsawon kimanin kilomita 320 wanda ke bi ta ƙofofinsu, ta yadda atisaye da shan barasa suka zama nishaɗi ɗaya. Kimiyya ba ta goyi bayan wannan haɗi ba: tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan cuta, kuma a farkon 2023 hukumar ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa. Mutanen Kanambakashe, waɗanda addininsu ya riga ya haramta musu giya, ba su da wannan matsala a fili, amma irin wannan lissafi yana nan a butar shayi. Shawarar hukumar ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini, wato kimanin giram 50 ko ƙananan cokula 12 ga baligi, kuma wanda ya zauna zagaye uku na shayi safe da yamma, ya ƙara da lemon kwalba da fura mai sukari, zai iya wuce wannan iyaka bai motsa daga tabarma ba.

Maganin bai buƙaci kayan waje ba, domin ƙasar Hausa ta daɗe da nata tsarin atisaye, kuma an ajiye shi daidai lokacin da ya dace, wato bayan girbi, sa'ad da ciki ya cika kuma aikin gona ya ƙare. Kokawa ita ce babbar shaida. Gasar takobi ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 zamanin mulkin Seyni Kountché, ɗan jihar Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, ya fara lashe ta, kuma filin kokawa na birnin Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. A yau jihohi takwas ne ke kawo 'yan kokawa goma-goma. Amma gasar da mutum 80 ke yi miliyoyi suna saurare a rediyo ba za ta sauko da hawan jinin mai sauraro ba. Abin da ke gina lafiyar gari shi ne kokawar dandali, da langa, wadda ake yi da ƙafa ɗaya ana riƙe da ɗayar, mai ƙarfafa cinya da daidaita tsayuwa, da gaɗar 'yan mata, da ƙwallon ƙafa, da tafiyar ƙasa ga dattawa, waɗanda tsokarsu ke raguwa da shekaru kuma faɗuwa ke yi musu illa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya ne lokacin da ya dace, kuma wanda ya haura shekara 40 ko yake jin ciwon ƙirji ko jiri idan ya yi aiki, ya kamata ya fara zuwa gidan likita a auna shi.

Kira a nan yana kan ƙananan hukumomi da sarakuna da malamai da shugabannin fada: a keɓe fili a kowane gari kafin gine-gine su cinye shi, a mayar da wasannin rani a makarantu, a kai na'urar awon jini kasuwa ranar da take ci, a kuma ƙara injin niƙa da famfo a ƙauyukan da mata ke kwana da ciwon baya.