Musafahar 1993 da Mas'alolin da Ta Bari

A ranar 13 ga Satumba 1993, bayan kusan shekara shida ana boren Intifada a Gaza da Yammacin Kogin Jodan, kuma bayan shawarwarin sirri a ƙasar Norway, jagoran Falasɗinawa Yasir Arafat da firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin suka yi musafaha a fadar shugaban Amurka, har jama'a suka zaci sulhu ya tabbata.

Sai dai yarjejeniyar da shawarwarin suka haifar, wato yarjejeniyar Oslo, ko da yake ta ba Falasɗinawa ikon gudanar da wasu al'amuransu, ta jinkirta mas'alolin da su ne asalin husuma, wato makomar Birnin Ƙudus, da haƙƙin 'yan gudun hijira, da matsugunan Yahudawa. Alhali kuwa miki in an rufe shi ba magani, ruruwa yake yi.