Tsakanin Risiba da Daisek: Me Ke Ɓatar da Tashoshi?

A gidaje da yawa na Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram, dish ɗaya ba ya isar mai gida. Wani yana kallon Nilesat da ke digiri 7 yamma, wani Badr na Arabsat a digiri 26 gabas saboda tashoshin Makka da Madina, wani kuma Astra a digiri 28.2 gabas. Amma waya ɗaya tak ce ke shiga ɗaki. Abin da ke haɗa su wani ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu ba, mai ƙofofi huɗu na shiga da ɗaya ta fita, wanda masu haɗa dish ke kira daisek. Ranar da ya ƙi aiki, sai ka ga tashoshin tauraro ɗaya suna fitowa tas, sauran kuwa allo baƙi ƙirin da rubutun "No Signal". Nan take a yanke wa daisek hukunci a jefar da shi, alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Kamfanin Eutelsat mai hedikwata a Faransa ne ya tsara DiSEqC, tsarin da daisek yake aiki da shi, a shekarun 1990, don risiba ta riƙa ba kayan da ke kan rufi umarni ba tare da an ja wata wayar daban ba. Samfurin 1.0 yana zaɓa tsakanin LNB huɗu (LNB shi ne na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina), 1.1 yana kaiwa 16, shi kuma 1.2 na juya dish mai mota ne.

Wayar nan guda ɗaya ba ƙaramin kaya take ɗauka ba. Daga sama, sigina tana saukowa a tsakanin megahaz 950 zuwa 2150. Daga ƙasa, risiba tana tura wuta, bolt 13 ko 18, wadda ke ciyar da LNB da daisek, kuma ita ke gaya wa LNB ko tashar ta V ce (tsaye) ko ta H (kwance). A kan wannan wutar ake ɗora wani ɗan amo mai kilohaz 22, wanda ƙarfinsa bai wuce kusan bolt 0.65 ba. Da shi LNB yake sauyawa daga ƙananan mitoci zuwa manya, kuma shi risiba take yayyankawa gutsi-gutsi ta rubuta wa daisek saƙo: dogon amo da gajeren shiru yana nufin sifili, gajeren amo da dogon shiru yana nufin ɗaya, kowanne cikin milisakan ɗaya da rabi. Saƙo mai rauni haka, tsatsa kaɗan a bakin waya ta isa ta dagula shi, alhali hoto yana iya ci gaba da wucewa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a samfurin 1.0 da 1.1 risiba ba ta ganin daisek ko kaɗan. Kamar sanƙira take, ta yi shela ta wuce, ba ta tsayawa jin ko an amsa. Samfurin 2.0 ne aka yi wa hanyar maido da amsa, shi ma sai idan risibar da daisek ɗin duka suna iyawa. To yaya risiba mai binciken kai-tsaye take cewa ta gano ƙofa ko ba ta gano ba? Gwaji take yi. Ta kira ƙofa ta ɗaya, ta nemi wata mitar da ta sani a tauraron. Idan ta kama, ta ce ga shi, idan ba ta kama ba ta wuce ta biyu. Saboda haka idan jerin mitocin da ke cikinta ya tsufa, ko iska ta ɗan karkatar da dish, za ta ce ba ta samu komai ba ko da daisek ɗin yau aka fito da shi daga leda.

Gwajin da ya fi kowanne amfani ba ya cin ko sisi. Yawancin daisek, idan wuta ta iso musu amma umarni bai iso ba, a ƙofa ta ɗaya suke tsayawa. Sai a cire risiba daga soket, a musanya wayar ƙofa ta ɗaya da ta tauraron da ya ɓace, a kunna ba tare da an taɓa saiti ba. Idan tauraron da ya ɓace ya dawo, mai aiki kuma ya ɓace, to dish da LNB duka lafiya lau. Umarni ne ba ya isa, ko daisek ba ya aiwatar da shi. Idan kuwa tauraron ya ƙi fitowa har a ƙofa ta ɗaya, a bar daisek ya huta, a haɗa wayar LNB ɗin kai tsaye da ta risiba a ga abin da zai faru.

Daga nan sai saiti, inda rabin rigimar take. Kowane tauraro dole a faɗa masa ƙofarsa, kuma lambar da ke menu ta dace da wadda aka buga a jikin akwatin. Wasu na rubuta 1 zuwa 4, wasu A zuwa D. Mai daisek ɗin ƙofa huɗu ya sa lambar a layin 1.0, ya kashe layin 1.1. A tabbata wutar LNB a kunne take. LNB na ƙananan dish yana son 9750/10600 tare da barin amon 22K ya sauya da kansa, na babban dish ɗin C-band kuwa 5150. Maida risiba saitin kamfani ko ɗora mata sabuwar manhaja yakan share duk wannan, haka ma yaro da rimot a hannu. Wasu risibobin suna da wurin maimaita umarni, kuma yana taimakawa idan an jera daisek a bayan daisek.

Idan saiti daidai yake, a hau rufi a kwance kawunan waya ɗaya bayan ɗaya. Ga abin dubawa: zaren tsakiya ya leƙo kaɗan daga bakin kan, yana ƙyalli, ba kore ko baƙi ba, sannan kada ko sili ɗaya na ragar da ke kewaye ya taɓa shi. Silin nan siriri ne ƙwarai, amma idan ya naɗe zaren tsakiya ya haɗa wuta ke nan, wata risibar ta rubuta gargaɗi, wata ta yanke wutar ta yi gum. Da damina abin ya fi yawa. Daisek ɗin da aka rataye ƙofofinsa suna kallon sama ruwa yake tarawa, ruwan ya bi cikin waya ya ruɓar da raga. Ƙasa ƙofofin za su kalla, a lanƙwasa wayar ta ɗan sauko kafin ta shiga, a naɗe kawunan da salatif mai kyau. Ni dai ban yarda da ɗaure shi cikin ledar burodi ba. Gumi take tarawa, rana kuma ta cinye ta kafin kaka.

Ita kanta wayar a gwada ta da maganaɗisu. Idan zaren tsakiya ya manne, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. A gajeren zango zai yi aiki, amma idan an ja shi nesa wuta tana raguwa a hanya, sai tashoshin H masu buƙatar bolt 18 su fara ɓacewa. Duk wani abin raba layi da aka sa a tsakani, in ba mai barin wuta ta wuce ba ne, ya toshe umarni. Haka nan risiba biyu a kan daisek ɗaya, kowace tana ja wajenta.

Wani lokaci laifin na risiba ne. A sa mitar auna wuta a bakin da waya ke shiga: ya kamata ta nuna wajen 13 a tashar V, wajen 18 a tashar H. Idan ba ta kai ba, a fara zargin adafta, musamman inda wutar lantarki ke zuwa ƙasa-ƙasa ko ake aiki da ƙaramin janareto; bayan ita sai kafasitocin ciki da zafi ya busar, aikin mai gyara ke nan.

Daisek yana mutuwa da gaske, ba shakka. Tsawa tana kashe shi, amma abin da ya fi kashe shi hannu ne: ɗaurawa ko kwancewa alhali da wuta a waya. Kashe risiba da rimot bai wadatar ba, domin wasu suna ci gaba da tura wuta sama ko da suna barci. Daga bango ake zare filogi, kafin a cire tsohon da kuma kafin a ɗaura sabon. Wanda kuma yake ƙoƙarin haɗa daisek da dikodar kamfanin biyan kuɗin wata, ya fara leƙa menu tukuna, don da yawansu tauraro ɗaya aka yi su dominsa, babu ma wurin zaɓen ƙofa a cikinsu.