Baje Kolin Zane-Zane A Masko: Tsintsiyar Da Maɗaurinta Ya Kwance

A watan Disamba na shekarar 1958, hukumomin Tarayyar Sobiyet suka buɗe wani gagarumin baje kolin zane-zane da sassaƙa a zauren Manej da ke daf da fadar Kiremlin a birnin Masko. Ƙasashen gurguzu 12 ne suka aiko da ayyukan masu zanensu, watau Sobiyet ɗin kanta, da Sin, da Polan, da Jamus ta Gabas, da Cekoslobakiya, da Hangare, da Romaniya, da Bulgeriya, da Albaniya, da Mangoliya, da Koriya ta Arewa, da Biyetnam ta Arewa. Yugoslabiya, wadda Tito ya ja ta gefe guda, ba ta cikinsu.

Gwamnatoci ne suka zaɓi abin da za a rataya, su ne kuma suka ɗauki nauyin kai shi, domin kuwa sha'anin na hulɗar ƙasa da ƙasa ne. Shekara biyu kafin nan, a 1956, tankokin Sobiyet sun murƙushe boren Hangare, Polan kuma ta sami sabon shugaban jam'iyya, Gomulka, wanda ya ɗan sassauta wa jama'a. Saboda haka Masko na bukatar ta nuna wa duniya cewa har yanzu ƙasashen gurguzu tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya.

Maɗaurin kuwa shi ne salon zanen da aka shimfiɗa tun zamanin Stalin, wanda ya wajabta wa mai zane ya fito da abu kamar yadda ido ke ganinsa, ya kuma ɗaukaka ma'aikacin masana'anta da manomi da soja. Galibin ƙasashen sun bi wannan layi.

Amma fa Polan ta zo da wani abu dabam. Cikin kayanta akwai zane-zane irin na zamani, waɗanda launi da siffa suka rinjayi kamannin mutum ko na wuri, irin waɗanda jami'an Sobiyet ke ɗauka ɓatan basira ne na 'yan jari-hujja. Nan da nan sashen Polan ya cika da 'yan kallo, ana ta gardama a gaban hotuna, wasu na yabo wasu na tsinuwa. Masu sharhi a jaridun Sobiyet suka yi ca a kan Polan, amma sukar ba ta rage cincirindon ba. Matasan masu zane na Masko kuwa sun ga cewa ƙasa tana iya zama ta gurguzu ba tare da ta yi zane irin na Masko ba.

An rufe baje kolin a watan Maris na 1959. A 1960 Sobiyet ta janye ƙwararrunta daga Sin, a 1961 kuma hulɗarta da Albaniya ta yanke. A watan Disamba na 1962, a cikin wannan zaure na Manej, Kurushof ya yi wa masu zanen zamani na ƙasarsa kaca-kaca a bainar jama'a.

Ga ma'aikacin da aka ɗora wa shirya irin wannan biki, darasin a fili yake. Hukuma na da ikon zaɓar hoton da za a rataya a bango, amma ba ta da iko da inda ɗan kallo zai tsaya.